Na sauya wa Golf 3 inji, yanzu giya ta ɗaya ba ta shiga kuma inji yana dukan jikin mota

Malamin Makaranta, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota a wannan zaure, musamman makanikai da direbobin da suka daɗe da Golf 3 a hannunsu, domin abin da ya same ni ya fi ƙarfin sanina, kuma ba na son in ci gaba da zuba kuɗi bisa zato.

Motata Golf 3 wagon ce, ƙirar 1994, mai giyar hannu biyar. Injinta na asali 1.8 ne mai lambar ABS, ya kuma yi mini hidima shekaru masu yawa kafin ya buga a hanyar Gwarzo cikin watan jiya, sakamakon yoyon baƙin mai da na yi ta ɗaga gyaransa. Bakaniken da na saba da shi ya ba ni shawarar in sayi inji ɗan Beljiyam maimakon a kai karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, wurin gurza, na kuwa amince. Da muka shiga Ƙofar Ruwa ba mu sami 1.8 da ya kwanta mana a rai ba, sai muka sami 2.0 mai lambar 2E, mai tsabta, wanda mai shagon ya gaya mana tun farko cewa daga jikin Passat aka ciro shi. An ɗora shi a kan tsohon giyabos ɗina da tsohon kulocina, tsohon injin kuma na sayar wa 'yan gwangwan a ranar domin in rage asara.

Injin kansa ba ni da abin cewa a kansa, domin da kik ɗaya yake tashi, ba ya hayaƙi, ba ya kuma yin zafi. Amma tun ranar da na karɓo motar, idan tana silo sai duk jikinta ya ɗauki rawa har sitiyari da madubi, idan kuma na saki kuloci ko na ɗaga ƙafa daga kan totur sai in ji wani dum daga ƙasa kamar an bugi ganga, sandar giya kuma ta yi gaba ta dawo da kanta ba tare da na taɓa ta ba. Giya ta ɗaya da ta biyu sai na yi ta lalube kafin su shiga, wani lokaci ina neman ɗaya sai in faɗa uku. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar Talata a cunkoson Kabuga, inda na danna sandar da ƙarfi ina neman ɗaya, ashe ribas ce ta shiga, saura ƙiris in murƙushe mai Adaidaita Sahu da ke bayana. Ita ribas ɗin ma ba ta shiga sai da ƙara, giya ta biyar kuma sau biyu tana fita da kanta a kan babban titi.

Abu biyu na gani da idona lokacin aikin, waɗanda ban ɗauke su da muhimmanci ba a lokacin. Ƙarfen da ke riƙe inji ta gaba bai yi daidai da ramukan notinsa ba, sai aka kai shi wurin mai walda aka yanka aka ƙara masa tsawo. Salansa ma ba ta kai ba, ita ma aka yanke ta aka liƙa mata guntun bututu.

Yanzu bakaniken yana cewa giyabos ɗin ne ya tsufa, ba zai iya ɗaukar ƙarfin sabon injin ba, don haka ko dai a buɗe shi ko in sayi wani. Abin da ya hana ni yarda shi ne, har ranar da tsohon injin ya buga, wannan giyabos bai taɓa yi mini gardama ba. Shin da gaske inji mai ƙarfi yana lalata giya cikin kwana ɗaya, ko kuwa akwai wani wuri da ya kamata a fara dubawa?

Direban Hanyar Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya tsare gaba, ya kuma kiyaye mu da abin da ba ma iyawa. Ni ba bakanike ba ne, amma na shekara fiye da goma ina jigilar fasinja da wannan mota tsakanin Kano da Katsina, kuma sau uku ana sauke mini inji, don haka zan faɗa maka abin da zaka iya gwadawa da kanka a ƙofar gida kafin ka bari kowa ya taɓa giyabos.

Ka kashe motar a wuri mai lebur, ka taka kuloci, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas. Idan duk sun shiga salin-alin alhali inji yana kashe, amma da zarar ka tayar da shi suka fara gardama, to kuloci ne ba ya rabuwa sosai. Idan kuwa ko inji yana kashe sai ka yi lalube kafin ka sami ɗaya da biyu, to matsalar tana cikin sandunan da ke kai saƙo daga hannunka zuwa giyabos. Bayan haka ka tayar da motar, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga biyar a hankali, sannan ka sa ribas. Ribas ɗin wannan giyabos ba ta da zoben da ke daidaita gudu kamar sauran giyoyin gaba, saboda haka ita ce take fara tona asirin kulocin da bai saki ba; idan ta yi ƙara bayan ka jira, kada ka yi shakka.

Abin da ya taɓa faruwa da ni shi ne, bayan an mayar mini da inji sai yaran gareji suka manta da wayar at, wato kaurin wayar nan da ke haɗa giyabos da jikin mota da batir. Motar ta ci gaba da tashi, amma wutar kik ta riƙa bi ta cikin igiyar kuloci, har robar cikinta ta narke, kulocin ya yi tauri, giya ta daina shiga, muka kwana a Tsanyawa da fasinja. Igiyar kulocin Golf 3 irin mai saita kanta ce, kuma ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana ta aiki, balle an cire ta an mayar ba tare da an tabbatar ta kama saitinta ba. Ina ganin daga nan ya kamata ka fara.

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa

Malam, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ina ganin ka riga ka ba kanka amsa a wurin da ka ce ba ka ɗauki abin da muhimmanci ba. Gwajin da direba ya ba ka daidai ne, ka yi shi. Amma kuloci ba ya sa mota rawa a silo, ba ya kuma sa sandar giya ta riƙa tafiya da kanta. Wannan aikin inji ne wanda bai zauna a mazauninsa ba, maganar buɗe giyabos kuwa barin jaki ne ana dukan taiki.

Bari in fara da maganar ƙarfi domin hankalinka ya kwanta. ABS yana da ƙarfin doki 90, shi kuma 2E yana da 115. Kamfanin Volkswagen da kansa ya ɗora wannan 2E ɗin a Golf 3 GTI tare da giyabos na dangin 020, wato dangin da naka ya fito, don haka babu yadda za a yi wannan bambanci ya karya giyabos mai lafiya tsakanin gareji da Kabuga. Inda gizo yake saƙar shi ne motar da aka ciro injin daga jikinta. Passat ta wancan zamani, B3 da B4, giyabos ɗinta 02A ne, wanda yake sauya giya da igiyoyi, kulocinsa kuma na mai ne. Ƙafar ƙarfen da ke riƙe inji ta gaba a waɗannan motoci ba a jikin inji kaɗai take ɗaure ba, notunan kik ma ta cikinta suke ratsawa su kama bakin giyabos, shi ya sa ƙafar 02A daban, ta 020 daban. Ƙafar motarka ta asali ta bi tsohon inji zuwa wurin 'yan gwangwan, aka ɗauko ta Passat aka ga ba ta hau ba, aka nufi wurin mai walda. Mai walda kuwa da ido yake awo, kuma ba a ce ya yi laifi ba, abin da aka kai masa ya liƙa. Ƙa'idar da aka koya mana tun muna yaran gareji ita ce, ƙafafun inji na mota ne, ba na inji ba ne: duk injin da za a ɗora, a kwance ƙafafunsa a ajiye, a ɗaura masa na motar da zai shiga.

Dalilin da ya sa wannan ɗan kuskure ya taɓa giya yana cikin ƙirar motar. A wuri uku injin Golf 3 da giyabos ɗinsa suke zaune: roba ɗaya a gaba a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin lagireto, ɗaya a baya ta hannun dama a bayan inji, ɗaya kuma a baya ta hagu ƙarƙashin giyabos, waɗannan biyun a kan gadon ƙarfen da ke ɗauke da rak ɗin sitiyari. Su ne makanikai ke kira injin sitin. Giyarka kuma ba igiya ke sauya ta ba, sandunan ƙarfe ne. Doguwar sanda tana tasowa daga ƙarƙashin hannunka, ta ratsa wani bushin da ke jikin mariƙi a kan rak ɗin sitiyari, sannan ta miƙa motsin ga wasu gajerun sanduna masu kawunan roba, waɗanda su ne ke kama hannun giyabos. Ka ga ke nan rabin wannan haɗi yana tsaye a jikin mota, rabi kuma yana jikin giyabos. Idan gaban inji ya ɗaga ko ya sauka da kaurin ɗan yatsa, ko ya karkata gefe, tazarar da ke tsakanin rabin biyu ta sauya, sai ya zama inda hannunka yake zaton ɗaya take, giyabos yana jin uku. Da yake kuma ribas a wannan mota tana maƙwabtaka da ɗaya, danna sanda ƙasa kaɗai ya raba su, mutumin da ya gaji da lalube ya danna da ƙarfi sai ya tsinci kansa yana tafiya da baya, kamar yadda ya faru da kai. Motar da giyarta ta igiya ce tana iya haƙuri da irin wannan karkata, amma mai sanduna ba ta yafewa.

Sai maganar salansa, wadda na fi jin tsoron a tsallake. Gangar injin 2.0 ta fi ta 1.8 tsawo da kusan milimita 16, don haka bakin da salansa ke kamawa ya ƙara yin sama da wannan gwargwado. Shi ya sa tsohuwar ba ta kai ba. Duk salansar injin da yake kwance a gicciye dole ta kasance da wurin da take lanƙwasawa kusa da inji, domin inji yana rausayawa gaba da baya duk lokacin da aka taka totur. Idan a wurin ne aka yanka aka liƙa sandararren bututu, to salansar ta zama ƙafa ta huɗu, ƙafar da ba ta da roba, ita ce take kai rawar inji kai tsaye cikin jikin mota, kuma ita ce take jan injin baya ta hana shi zama. Ka sa a duba kuma ko an mayar da farantin kare zafi da ke tsakaninta da sandunan giya, domin idan babu shi kawunan robar nan za su yi laushi cikin makonni kaɗan.

Ga yadda zan yi aikin da a hannuna motar take, kuma jerin yana da muhimmanci fiye da kowane ɗaya daga cikin ayyukan. Da farko a tabbatar da laifin: a ja hambirki, a sa wa tayoyi waigi, a buɗe bonet, mutum ɗaya ya sa giya ya ɗan saki kuloci har motar ta fara ja, wani kuma ya tsaya a gefe, ba a gaba ba, ya kalli yadda injin yake ɗagawa. Inji mai lafiyayyen zama ɗan motsi kawai zai yi. Wanda ya yi tsalle, ko aka ga robar gaba ta rabu da ƙarfenta, magana ta ƙare. Daga nan a nemo ƙafar gaba ta Golf 3 mai giyabos 020, da ta bayan inji ita ma ta Golf 3, a jefar da mai walda. A duba robobin uku da kyau, domin wasu daga cikin na asali akwai ruwa a cikinsu, kuma wadda aka ga ta yi jiƙe ko ta zauna ta riga ta mutu ko da ba a ga tsaga ba. Idan biyu sun mutu a sauya duka ukun, saboda sabuwa ɗaya tsakanin tsofaffi biyu ita za ta ɗauki dukan nauyin ta mutu da wuri. Lokacin ɗaga injin a sa faffaɗan katako tsakanin jak da kaskon mai, domin bakin bututun da famfo ke zuƙo mai da shi yana dab da ƙasan kaskon, idan ya lotsa ka sake kiran wani bugun injin. Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A hau rami.

Bayan an ɗaura komai, kada a ƙulle notunan tukuna. A kwance salansa daga jikin inji, a bar notunan mazaunai uku a sake, a sauke nauyin inji a kansu, mutum biyu su kama shi su girgiza shi gaba da baya da gefe da gefe har ya nemo wurin zamansa da kansa, sannan a ƙulle na baya, a ƙarasa da na gaba. Wannan girgizawa ba dabarar bakin titi ba ce, haka littafin gyaran motar ya tanada, amma yaran yanzu suna ganin ɓata lokaci ne. Sai inji ya zauna sannan za a kawo salansa ta same shi a inda yake, ba a jawo shi ya same ta ba, kuma mafi sauƙi shi ne a nemo bututun gaba na Golf 3 mai 2.0.

Saitin giya shi ne na ƙarshe. Akwai wani maɗauri mai noti ɗaya a inda doguwar sanda ta ƙare a bayan inji. A sa giya a firi, a shafa fenti a wurin domin a san inda aka taso, a sassauta notin, a riƙa juya sandar kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har sai ɗaya da biyu sun shiga yayin da sandar hannu ta jingina da ƙarfen da ke tare ribas ba tare da an danna ta ba, biyar kuma ta shiga har ƙarshe. Duk wanda ya yi wannan saiti kafin inji ya zauna, gyaran gangar Auzinawa ya yi, domin da zarar an taɓa mazauni ɗaya saitin ya tashi.

Mai Kayan Gyara, Sabon Gari

Baba ya gama magana a kan zaman inji, ba ni da abin ƙarawa. Ni ta ɓangaren kaya zan shigo, domin a nan ne nake ganin mutane suna asarar kuɗi kullum.

Malam, idan gwajin ribas ya nuna kuloci ne, kada ka aiko yaro ya ce a ba shi kulocin 2.0 saboda injin 2.0 ne. Faifan kuloci da giyabos yake tafiya, ba da inji ba. Sandar da ke shiga tsakiyar faifan a giyabos na 1.8 haƙora 24 gare ta, ta giyabos ɗin da ya zo da 2.0 kuwa ta fi kauri, haƙora 28. Faɗin faifan ma kala-kala ne, akwai milimita 190, akwai 200, akwai 210, kuma dole faifai da murfinsa da filawil, wato faffaɗan ƙarfen da ke juyawa tare da inji wanda faifan ke mannewa a jikinsa, su zama 'yan gida ɗaya. Na Passat ma ba ya cikin lissafi, domin nasa 228 ne kuma ƙirarsa daban. Kulocin 020 a juye yake da na sauran motoci: murfin ne ake ɗaurewa a jikin karanshaf da notuna shida, sannan filawil ya rufe a kansa, wata siririyar sanda kuma ta ratso ta tsakiyar giyabos daga can ƙarshensa ta tura. Waɗannan notuna shida ba a maimaita su, sababbi ake sawa. Abin da ya fi shi ne ka zo da tsohon faifan a hannu, ka kuma kwafo haruffan da ke buge a ƙasan bakin giyabos. Akwai kuma wata takarda da kamfani ke liƙawa a but kusa da wurin safaya taya, mai ɗauke da lambar inji da ta giyabos na asali, idan ba ta goge ba.

Sai dai ina da wata shawara, ko da Baba ba zai so ta ba. Tunda injin daga Passat ya fito, me zai hana ka nemi giyabos ɗin Passat ɗin, 02A, ka huta da sandunan nan gaba ɗaya? Ya fi 020 ƙwari, kuma giyar igiya ba ruwanta da ɗan motsin inji. Na san direbobi da dama da suka koma kansa.

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa

Alhaji, maganarka a kan faifai gaskiya ce, na gode da ka tuna da ita. Amma 02A ba giyabos kaɗai ake saya ba. Sai an nemi sandar hannu da akwatinta da igiyoyinta, da famfon kuloci na sama da na ƙasa da fedar da za ta tura shi, da filawil da kik da ƙafafun da suka dace, wataƙila har da kawunan shaf, wato mahaɗan sandunan da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin gaba. Wannan aikin mai neman ƙarin ƙarfi ne, ko wanda giyabos ɗinsa ya riga ya mutu. Mutumin da yake zuwa makaranta ya dawo, ya leƙa Gwarzo ranar Asabar, kuma giyabos ɗinsa lafiya lau yake har watan jiya, kada garin gyaran gira ya rasa ido. Igiya ma ba za ta hana injin da ke rataye a kan salansa karya roba da cinye kawunan shaf ba.

Malamin Makaranta, Rijiyar Zaki

Baba, Alhaji, da ɗan'uwana direba, Allah Ya saka muku da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne domin in dawo da sakamako.

Gwajin farko ya nuna cewa ko inji yana kashe ɗaya da biyu ba sa shiga da sauƙi. Da muka yi gwajin hambirki kuwa, sai da bakaniken ya ja da baya, domin gaban injin ɗagawa ya yi har muka ga robar gaba ta rabu biyu. Ashe ƙafar da aka yi wa walda ta fi ta asali tsawo, ta ɗaga gaban inji ta kuma murɗe robar, don haka tun makon farko ta yage. Na koma wurin 'yan gwangwan ban sami tsohon injina ba, an riga an farfasa shi, amma mun sami ƙafafun Golf 3 guda biyu da bututun salansar 2.0 a Ƙofar Ruwa. Da aka ajiye ƙafar asali kusa da mai walda, ko yaro zai ga bambancin. Robar giyabos ita ma ta zauna, don haka na sauya duka ukun. Abin da Baba ya faɗa game da salansa haka muka tarar: da aka kwance notunanta, injin da kansa ya matsa gaba, muna kallo. An girgiza shi kamar yadda aka ce, aka ƙulle, sannan aka yi saitin giya, aka kuma sauya wata ƙwallon roba a cikin sandunan wadda zafi ya riga ya cinye gefenta, domin farantin kare zafin ma a cikin but muka same shi. Wayar at tana nan a ɗaure. Dole in yi wa bakaniken adalci, da na karanta masa bayanin Baba bai yi musu ba, shi da kansa ya shiga rami.

Yanzu rawar ta tafi, dum ɗin ya tafi, sandar giya ta daina yawo, ɗaya zuwa huɗu suna shiga da yatsa biyu. Abu biyu suka rage. Ribas har yanzu tana ɗan yin ƙara idan na sa ta da sauri, amma idan na ƙirga biyar kamar yadda direba ya ce, shiru take shiga. Giya ta biyar kuma ba ta sake fita ba zuwa Gwarzo da dawowa, sai dai ina jin wani siririn kuka a cikinta wanda ba na ji a huɗu. Shin in ci gaba da hawa, ko akwai abin da ya kamata in yi kafin Asabar?

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa

Madalla, Malam. Ribas ɗin da ke shiga shiru bayan an jira ba ta da laifi, halinta ke nan tun daga kamfani, kulocinka yana saki. Idan kana sauri, ka fara taɓa ɗaya sannan ka wuce ribas, ƙarar za ta ɗauke.

Kukan biyar kuwa kada ka kai shi Asabar. A wannan giyabos, biyar tana zaune ita kaɗai a can ƙarshe cikin murfinta, kuma ita ce ta farko da mai yake yankewa idan ya yi ƙasa, alamarta kuma ita ce kuka da fita da kanta. Lokacin sauke inji ana karkata giyabos, mai yana zuba ta wuraren da aka buɗe, ba kowa ke tunawa ya cika ba. Gobe da safe ka tsayar da motar a wuri mai lebur, a kwance toshiyar da ke gefen giyabos, wadda ake buɗewa da makulli mai kusurwa shida lamba 17, a ga ko man ya kai bakin ramin. Tunda ba ka san shekarun man da ke ciki ba, gara a juye shi duka a cikin farin kwano, a zuba sabon 75W-90 mai alamar GL-4, kusan lita biyu yake ci, kada kuma a yarda a zuba kaurin man nan na manyan motoci. Ka kalli wanda aka juye a rana. Idan baƙi ne kawai, ka hau motarka ka saurari biyar na mako guda. Idan kuwa ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, ko ka ji ɓarɓashin ƙarfe tsakanin yatsunka, ka daina sa biyar, ka kawo hoton kwanon nan mu gani, domin murfin biyar ana iya buɗe shi giyabos yana jikin mota, ba sai an sake sauke komai ba.